Babi na Shida: Allura a Gefen Ido

Ɗora ɗan yatsanka a kan girarka, ka bi bakin ƙashin da ya yi wa ido rumfa, daga wajen hanci kana yin waje. Kafin ka kai tsakiya za ka ji ɗan gurbi, in ka danna kuma wurin zai yi maka tsami. Sauko ƙasan ido, kimanin santimita 1 daga bakin kwarminsa, akwai rami na biyu a ƙashin kunci. Na uku yana jikin muƙamuƙi, ƙarƙashin ƙananan turamen da ke bin fiƙa. In mutum ya miƙa dubansa gaba, ramukan nan uku kusan a layi ɗaya suke da tsakiyar baƙin idonsa. Ta cikinsu ne jijiyoyin da ke kai wa ƙwaƙwalwa labarin fatar fuska suke leƙowa daga ƙashi, kuma bakinsu likita ke nufa da allura in yana son kashe zafi a goshi, ko a leɓe, ko a haɓa.

Duk ukun uwarsu ɗaya. Jijiyoyi 12 ne ke fitowa kai tsaye daga ƙwaƙwalwa a kowane gefe na kai, ta biyar a cikinsu, wadda likitoci ke kira tirajaminal, ita ce mai ɗauke da jin fuska. Reshenta na farko ya riƙe goshi da fatar ido ta sama da idon kansa. Na biyu ya riƙe kunci, gefen hanci, leɓen sama, haƙoran sama da ganɗa. Na uku ya riƙe leɓen ƙasa, haɓa, haƙoran ƙasa da gaban harshe. In aka zuba maganin kashe zafi a gefen reshe ɗaya, saƙon ciwo daga yankinsa ya tsaya ke nan har sai maganin ya sake shi. Sai ka ga mutum idonsa biyu, ana ɗinke masa leɓen da ya fashe a haɗarin babur, yana jin motsin hannun likita amma ba ya jin zafin allura.

Akwai wata jijiyar da ake yawan rikita ta da wannan, wato ta bakwai. Ita aikinta motsi: ita ke ɗaga gira, ta rufe ido, ta ja baki a yi murmushi. Tana fitowa ne ta ƙasan kunne, ta ratsa ƙullin yawun nan da ke kumbura in yaro ya kamu da hangum, sannan ta bazu. Likitocin ido sun daɗe suna kashe ta don kada majiyyaci ya matse ido ana tsakiyar cire masa yana. Wani likita ɗan Beljiyam, Auguste van Lint, ya bayyana hanyar yin haka tun 1914. Amma kashe ta ba ya kashe ciwon fuska. Inda take shigowa zancenmu shi ne wajen kuskure. In allurar likitan haƙori ta zarce baya fiye da kima, maganin ya zuba cikin ƙullin yawun, sai gefen fuska ya saki, baki ya karkace, ido ya ƙi rufuwa. Abin na tayar da hankali don ya yi kama da shanyewar ɓarin jiki, alhali cikin 'yan sa'o'i yake warwarewa. Abin kula kawai shi ne a rufe idon da auduga da filasta, kada ya bushe kafin ƙiftawa ta dawo.

Fuska na cikin wuraren da aka fara gwada wannan fasaha a tarihi. A 1884 wani matashin likita a Biyana, Carl Koller, ya nuna cewa ɗigon koken na kashe jin ido. Kafin shekarar ta ƙare, William Halsted da Richard Hall a birnin New York sun fara zuba koken ɗin a gefen jijiyoyi, kuma cikin waɗanda suka fara kashewa har da ta muƙamuƙi da ta ƙasan ido. A jikinsu suka riƙa gwaji, su biyun kuma suka kamu da jarabar ƙwayar. Daga baya aka samu magunguna masu sauƙin haɗari: lidokain, wanda Nils Löfgren ya haɗa a Suwidin a 1943, sai bupibakain mai daɗewa a jiki, wanda ya shiga asibitoci a shekarun 1960.

Magani ya gyaru, amma hanyar kai shi wurin ta kusa shekara ɗari tana nan yadda take: lalube. Likita ya taɓa ƙashi, ya auna da yatsa, ya soka, ya jira majiyyaci ya ce ya ji wani abu ya ja shi kamar lantarki. Kafin ya tura magani sai ya ɗan ja bakin sirinji baya ya ga ko jini zai biyo. Da yake bai tabbatar da inda tsinin yake ba, sai ya ƙara yawan maganin don ya malala ya tarar da jijiyar ko'ina take. Ba a raina wannan hanya ba. Da ita likitocin haƙori ke aiki har yau, a kan miliyoyin mutane, galibi lafiya lau. Matsalarta ita ce fuskoki ba ɗaya ba ne. Gurbin gira a wurin wani buɗaɗɗe ne, a wurin wani kuma rufaffen rami. Wasu suna da ƙarin ƙaramin rami a ƙasan ido. Tsohon da haƙoransa suka zube, ƙashin muƙamuƙinsa na zaizayewa har ramin haɓa ya dawo kusa da dasashi. Jariri kuwa ramin ƙasan idonsa dab yake da bakin kwarmin ido.

Na'urar da ta kawo sauyi ba baƙuwa ba ce. 'Yar'uwar wadda ake yi wa mai juna biyu sikanin ce. Tana aika sautin da kunne ba ya ji cikin jiki, ta karɓi amsa-kuwwarsa, ta mai da shi hoto. A 1978 wasu likitoci a Afirka ta Kudu, La Grange da abokan aikinsa, suka yi amfani da sautin wajen gano bugun jijiyar jini a gindin wuya kafin su soka allurar kashe hannu. A 1994 Stephan Kapral da tawagarsa a Biyana suka yi wannan allurar suna kallon hoton kai tsaye. Fuska ta zo daga baya, bayan an ƙera ƙananan kawunan sikanin masu kaɗawa sau miliyan 10 zuwa 18 a daƙiƙa. Irin waɗannan ba sa gani da nisa, amma abin da ke kusa da fata suna nuna shi dalla-dalla, ramukan fuska kuwa ba su wuce zurfin santimita 1 ko 2 ba.

A allon na'urar, ƙashi fari ne tas, layi ɗaya miƙaƙƙe, bayansa duhu. Inda layin ya katse, nan ramin yake. Jijiyar ji a fuska siririya ce, sau da yawa ba a ganinta ita kanta, amma ana ganin ƙofarta. In likita ya kunna launin da ake kira Dofla, sai wani ɗan ɗigo ja ko shuɗi ya riƙa walƙiya a bakin ramin yana bin bugun zuciya. Wannan ɗigon, a ganina, ya fi duk sauran hoton muhimmanci, don a nan gizo ke saƙa.

Kowace jijiyar ji da ke fitowa ta ramukan nan tana da abokiyar tafiya, jijiyar jini mai bugu, a manne da ita. A cinya ko a hannu, in magani ya kuskure ya shiga jini, sai ya bi ta zuciya da huhu, ya gauraye da jinin jiki duka, kafin ya isa ƙwaƙwalwa ya riga ya tsarma. Shi ya sa a can yawan maganin ne abin tsoro. A fuska lissafin daban ne. Jijiyar jinin da ke fitowa ta gurbin gira reshe ce ta wadda ke shayar da ido, ita kuma ta ido daga babbar jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa ta ɓalle. Ta ƙasan ido ma, ko da yake asalinta daban, tana da mahaɗa da su. In tsinin allura ya shiga ɗaya daga cikinsu, likita kuma ya danna sirinji da ƙarfi, maganin na iya rinjayar bugun jini ya koma baya har mararraba, sannan jini ya kwashe shi ya yi gaba da shi zuwa bayan ido ko ƙwaƙwalwa. Ba ya buƙatar yawa. Ɗan abin da bai kai ya yi wa jiki komai ba in a cinya aka zuba shi, a nan yana iya jawo jijjiga cikin daƙiƙoƙi. Littattafan likitocin haƙori sun rubuta mutanen da suka ga abu bibbiyu, ko ganinsu ya ɗauke na ɗan lokaci, bayan allurar muƙamuƙi da aka saba yi kullum.

Maganin kashe zafi dai ruwa ne, yakan saki, ganin ya dawo. Abin da ba ya saki shi ne mai gari-gari. Likitocin ciwo kan haɗa allurar da sitiroid don a rage kumburin jijiya, wasu nau'o'insa kuwa, kamar tirayamsinolon da metilfirednisolon, ƙananan ƙwayoyi ne da ke yawo cikin ruwa. In suka shiga jijiyar da ke shayar da bayan ido suna iya toshe ta, kuma an samu waɗanda suka makance ta wannan hanya bayan allura a hanci ko a kewayen ido. Ta wannan hanyar dai ake makancewa a wajen allurar kwalliyar da ake cika kumatu da karan hanci da ita. Don haka mai hankali, in zai sa sitiroid kusa da ido, yakan zaɓi deksametason, wanda ke narkewa tas. Wannan zaɓi ba ruwansa da na'ura. A kan tebur ake yinsa tun kafin a kunna ta.

Jan sirinji baya don a ga jini, wanda aka dogara da shi shekara da shekaru, ba ya cika faɗin gaskiya a nan. Allurar fuska siririya ce, jijiyar jinin ma siririya, in an ja sai bangonta ya manne wa tsinin, jini ya ƙi fitowa, likita ya zaci yana waje. Sikanin ya kawo shaida ta biyu. Magani a allon baƙi ne, in aka tura ɗan kaɗan ya kamata a ga baƙin yana buɗa nama a gaban tsini. In an tura ba a ga komai ba, to maganin ya tafi wani wuri, kuma mafi kusantar zato shi ne ya bi jini. Dokar a nan ɗaya ce: a tsaya.

To me alƙaluma suka ce? A 2013 Michael Barrington da Roman Kluger suka fitar da nazari daga rajistar asibitocin Ostareliya da New Zealand, a kan allurar kashe jijiya sama da 25,000. Sau 22 aka samu gubar magani a jini, kuma haɗarin ya ragu da kusan kashi biyu cikin uku a wurin waɗanda aka yi wa da sikanin. Wannan riba ce babba. Amma da ƙungiyar likitocin wannan fanni ta Amurka ta tattara shaidu a 2016, ta ce ba ta ga sikanin ya rage raunin jijiya mai daɗewa ba, wanda dama ƙalilan ne, kimanin 2 zuwa 4 cikin kowace allura 10,000. Sannan waɗannan manyan alƙaluma daga hannu da ƙafa da gangar jiki aka tattaro mafi yawansu. Binciken da aka yi a fuska ƙanana ne, na mutum gomomi, wasu ma a kan gawa. Sun isa su nuna cewa maganin na isa inda aka nufa, kuma ana buƙatar kaɗan. Ba su isa su auna haɗarin da ke aukuwa sau ɗaya cikin dubbai ba. Duk likitan da ya ce wa majiyyaci wai tunda da na'ura za a yi babu wani haɗari, ya faɗi abin da bincike bai faɗa ba.

Dalilin da ya sa raunin jijiya bai gushe ba yana cikin yadda na'urar ke gani. Ba ta haska wuri duka. Yanka ɗaya take nunawa, wanda kaurinsa bai fi na katin ATM ba. In allura ta ɗan kauce daga wannan yanka, abin da likita ke gani a allon yana zaton tsini ne, tsakiyar allurar ce, tsinin kuwa ya yi gaba inda ba a ganinsa. Wannan shi ne kuskuren da masu koyo suka fi yi: tura allura alhali ba sa ganin bakinta. In an danna kan sikanin da ƙarfi, ƙananan jijiyoyin jini marasa bugu sukan lotse su ɓace daga hoton, suna nan kuwa. Sannan sauti ba ya ratsa ƙashi, fuska kuwa kusan duk ƙashi ce. Da zarar tsini ya shige cikin rami, ya fita daga idon na'ura.

Shi ya sa ake tsayawa a bakin ƙofa. A cikin rami jijiya ba ta da wurin gocewa, in allura ba ta yanke ta ba, matsin ruwan zai danne ta da bangon ƙashi, a bar mutum da mijirya ko mutuwar leɓe na makonni, wani lokaci fiye. Ramin ƙasan ido kuwa hanya ce da ta nufi sama da baya, ƙarshenta cikin kwarmin ido. Tsofaffin malamai na koya wa ɗalibi ya ɗora yatsa a bakin kwarmin ya tokare, ya kuma karkatar da allurar daga ido. Zuwan sikanin bai soke wannan darasi ba.

Can ciki, bayan ƙashin kunci, a zurfin santimita 4 zuwa 5 a jikin babba, akwai wani ɗan lungu tsakanin ƙasusuwa inda reshe na biyu ke ratsawa kafin ya rarrabu. In aka kashe shi a nan, an kashe rabin tsakiyar fuska gaba ɗaya har da ganɗa. A 2013 Antoun Nader da abokan aikinsa a Shikago suka bayyana yadda suke isa lungun da sikanin don masu ciwon fuska. Amfaninsa ya fi na allurar sama-sama, haɗarinsa ma haka. Wata babbar jijiyar jini na murɗawa a wurin, ga tarin ƙananan jijiyoyin jini a kewaye, kuma in jini ya ɓalle babu yadda za a sa yatsa a danne shi. Kunci na iya kumbura ya yi baƙi har ƙasan ido. Lungun na da ƙofa zuwa kwarmin ido, yana da wata zuwa cikin ƙoƙon kai. A irin wannan wuri ne ganin jijiyar jini kafin a soka ya fi muhimmanci, a nan ne kuma hoton ya fi wuyar karantawa, don ta 'yar taga tsakanin ƙashi da ƙashi ake leƙe.

Inda wannan allura mai zurfi ta fi burge ni shi ne wajen jariran da aka haifa da tsagaggiyar ganɗa. Aikin gyaran ganɗa na da zafi ƙwarai, maganin da aka saba bayarwa kuwa mofin ne, wanda ke rage numfashi, a jikin jaririn da aka gama yi wa aiki a kan hanyar numfashinsa. Likitocin yara a Montpellier ta Faransa suka farfaɗo da wata hanya ta shiga lungun daga saman ƙashin kunci, a gefen ido ta waje. Hikimarta ita ce in an bi ta nan, ƙashi ne ke tare allura kafin ta kai ido ko gindin ƙwaƙwalwa. A 2012 suka nuna yadda ake kallon bazuwar maganin da sikanin daga ƙasan kunci, a 2014 kuma suka fitar da gwaji a kan yara 60, inda waɗanda aka yi wa allurar suka buƙaci kusan rabin mofin ɗin da sauran suka sha cikin kwana biyu.

Akwai fuskokin da lalube ba ya aiki a kansu sam. Wanda ya san Asibitin Noma na Sakkwato, wanda aka buɗe a 1999, kuma ƙungiyar likitocin MSF ke tallafa wa tun 2014, ya san abin da cutar noma ke bari a fuskar yaro: kunci ya zaizaye, ƙashi ya ci, tabo ya ɗaure muƙamuƙi har baki ba ya buɗuwa. A Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa noma cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci, bisa buƙatar da Nijeriya ta jagoranta. A irin wannan fuska, ko ta wanda ya yi haɗari, ko wanda aka yi wa aikin ciwon daji, alamomin da littafi ya zana sun gushe. Mai sikanin zai iya neman ramin inda yake a zahiri. Sai dai wurin da ke da ƙwayar cuta a raye ba a soka masa allura, da na'ura ko babu.

Ƙanƙantar jiki na kawo mu ga lissafi. Bupibakain iyakarsa kimanin miligiram 2 ne a kan kowane kilo na nauyin jiki. Jariri mai kilo 5 ke nan miligiram 10, in kuma maganin mai ƙarfin kashi 0.25 cikin ɗari ne, mililita 4 ke nan kacal, a raba wa gefe biyu, a kuma cire abin da likitan tiyata zai zuba a bakin yanka. Lidokain iyakarsa kimanin miligiram 4.5 a kilo, ko 7 in an haɗa shi da adirenalin. Fuska na da yawan jini, tana shanye magani da sauri ko da allurar ba ta shiga jijiyar jini ba. Ribar sikanin a nan ita ce tunda an ga wurin, mililita 1 ko 2 kan wadatar a allurar sama-sama.

Gubar maganin in ta tashi tana da alamun farko: ɗanɗanon ƙarfe a baki, mutuwar harshe da kewayen leɓe, ƙara a kunne, jiri, surutu marar kan gado. Bayansu sai jijjiga, sai rikicewar bugun zuciya, sai tsayawarta. Duba matsalar da fuska ta keɓanta da ita. Mutuwar leɓe, wadda a allurar ƙafa gargaɗi ce, a nan ita ce abin da ake nema, don haka ƙararrawar farko ta riga ta lalace. Jaririn da aka sa wa barci kuma ba zai ce kunnensa na ƙara ba. Saboda haka a allura mai zurfi dole a sa kanula a hannu tun farko, a manna na'urar bugun zuciya da ta iskar jini, a riƙa tura magani kaɗan-kaɗan ana jan majiyyaci da hira in idonsa biyu.

A 1979 George Albright ya ja hankalin likitoci kan mutanen da zuciyarsu ta tsaya bayan bupibakain ya shiga jini, aka kuma sha wuyar farfaɗo da su. An daɗe ba makari. A 1998 Guy Weinberg a Shikago ya nuna a jikin ɓeraye cewa ruwan kitsen da ake ɗura wa marasa lafiyan da ba sa iya cin abinci yana kare zuciya daga wannan guba. A 2006 Meg Rosenblatt da abokan aikinta a New York suka ba da labarin wani mutum mai shekara 58 da zuciyarsa ta tsaya bayan allurar kashe kafaɗa. An kai kimanin minti 20 ana danna ƙirji ba nasara, aka ɗura masa mililita 100 na wannan ruwan kitse, wato Intralipid, mai ƙarfin kashi 20 cikin ɗari, zuciyar ta dawo, ya tashi ba tare da lahani a ƙwaƙwalwa ba. Yau ƙa'idar ita ce mililita 1.5 a kan kowane kilo a tashin farko, sannan a ci gaba da ɗurawa. Ni dai in aka ce in auna ɗakin da ake irin wannan allura, kafin in dubi na'urar zan tambayi inda jakar kitsen nan take, da tukunyar oksijin, da maganin tsayar da jijjiga. Asibiti na iya sayen sikanin na miliyoyi ya manta da jakar da ba ta kai kuɗin man janareta na mako ba.

Sauran haɗarurrukan ƙanana ne a ido, amma suna faruwa. Akan kashe gefen da ba shi ba, abin da ya sa asibitocin Birtaniya suka ɗauki al'adar da ta faro daga Nottingham, ta tsayawa cak dab da soka allura a sake tabbatar da gefe da takardar izini. Kulohekzidin da ake goge fata da shi na ƙona ƙwayar ido in ya kwarara ciki, don haka a kewayen ido ruwan aidin mai sauƙi ake sawa. Jel ɗin sikanin ma na iya ɗaukar ƙwayar cuta: a 2021 an janye na wani kamfanin Kanada daga kasuwa bayan an danganta shi da cutar jini a asibitocin Amurka. Kwalbar jel da ake ta ƙara wa wani a kai, wadda aka saba gani a ɗakin awon ciki, ba ta da wuri inda allura za ta huda fata. Na ƙaramar leda mai tsabta ake buɗewa, a kuma sa wa kan sikanin riga.

Wani haɗarin kuma ba a cikin allurar yake ba, a cikin abin da ake tsammani daga gare ta yake. Akwai ciwon jijiya ta biyar wanda Nicolas André ya bayyana a Faransa a 1756, John Fothergill kuma a Landan a 1773. Zafi ne kamar jan lantarki a gefe ɗaya na fuska, daga ƙiftawar ido zuwa minti biyu, ya tafi ya dawo. Abu kaɗan ke tayar da shi: tauna, magana, asawaki, ruwan alwala, iskar hunturu. Ya fi kama waɗanda suka haura 50, mata fiye da maza. Da yake ya fi sauka a kunci da muƙamuƙi, da yawa sai an cire musu haƙora masu lafiya kafin a gane. Allurar kashe reshe na da amfani a nan: tana tabbatar da reshen da ke ciwo, tana ba wanda ya kasa ci da sha sararin kwana ko makonni. Amma a mafi yawan masu wannan ciwo tushen yana can cikin ƙoƙon kai, inda wata jijiyar jini ke gugar jijiyar a gindinta. Maganin farko ƙwaya ce, karbamazefin, wadda aka san amfaninta a nan tun 1962. In ta gaza akwai tiyatar da Peter Jannetta ya yaɗa daga 1967, ta raba jijiyoyin biyu. A rahoton 1996 kan mutum 1,185, kusan kashi 70 cikin ɗari ba su da ciwo bayan shekara 10. Wanda ake ta maimaita wa allura ba a yi masa hoton MRI ba, ana iya rufe masa ƙari ko wata cutar laka da ke ƙarƙashin ciwon.

Haka kuma a bambanta kashewa ta wucin gadi da ta dindindin. Tun farkon ƙarni na 20 ake zuba barasa tsantsa a kan rassan nan don a ƙona su. Tana aiki na watanni, amma tana barin tabo, kuma kaɗan daga cikin mutane kan faɗa wani hali mai tsanani: wurin ya mutu, ba ya jin taɓi, amma yana ƙuna dare da rana, kuma maganinsa na da wuya. Sikanin zai kai barasar daidai wurin, ba zai hana wannan ba.

Majiyyaci ma na da nasa rabon aikin. Ya faɗi duk maganin tsinka jini da yake sha, wafarin ne ko kulofidogirel ko asfirin, kada kuma ya daina da kansa, don shawarar dainawa ta likita ce kuma ta danganta da zurfin allurar. Ya faɗi in yana da ciwon hanta, ko na zuciya, ko farfaɗiya, mace kuma ta faɗi in tana da ciki. Ya tambayi wace jijiya za a kashe, me za a zuba, kwana nawa ake sa ran zai yi aiki, sannan mene ne mataki na gaba in ya sake shi. Ana cikin yi in ya ji zafi mai harbi, ko ganinsa ya sauya, ko kunne ya ɗau ƙara, ya faɗa nan take, kada kunya ko jarumta ta hana shi.

Bayan an gama, a zauna ƙarƙashin kulawa aƙalla rabin sa'a, don maganin da nama ya shanye a hankali yake kai ƙololuwarsa a jini. Lidokain kan saki cikin sa'a 1 zuwa 3, bupibakain kan kai 6 ko fiye. Kafin nan ba shayi mai zafi, ba tauna a gefen, yara kuma a sa musu ido don sukan ciji leɓen da ya mutu har ya fashe ba su sani ba. Ɗan kumburi da ɗan baƙi a wurin allura ba abin damuwa ba ne. Kumburin da ke ƙaruwa, ido da ke turowa waje ko ganinsa ke raguwa, zazzaɓi, ko mutuwar wurin da ta wuce kwana guda, waɗannan a koma asibiti a ranar, ba sai ranar da aka rubuta a kati ba.